Guzurin Agadas

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ina koyar da tarihi a wata sakandare a Gwarzo. Rayuwa ta yi tsada, albashi sai ya ga dama yake zuwa, amma duk da haka mu malamai muka ƙulla tafiya Agadas, mu ga tsohon masallacin nan mai doguwar hasumiyar ƙasa, mu hau duwatsun Azbin. Na gaji da zana hasumiyar a allo ina zuba wa yara bayani kamar a gindinta aka yanke mini cibiya, alhali ko iyakar Nijar ban taɓa gani ba.

Abu ɗaya ya rage mini, iznin Inna. Mahaifinmu ya rasu, kuma a gidanmu ba a ƙetare ƙasa sai uwa ta sa albarka. Matsalar ita ce ni ne ɗan fari. Mu asalinmu makiyaya ne da suka zauna noma a Masanawa, shanu sun ragu amma kunya tana nan daram. Inna ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, magana kuwa sai dai ta yi wa bango ni in tsinta.

Na je gida ana saura kwanaki, na durƙusa a bakin ƙofarta na faɗi buƙatata. Ta ci gaba da tsince wake. Da na maimaita, sai ta tashi ta tafi duba awaki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga ni da gemuna, ina tsawata wa aji guda, amma na kasa samun "to" daga bakin mace ɗaya.

Ranar tafiya na fito da jakata tun da asuba. A zaure na ga wani ƙulli cikin tsohon zane, na ɗauka kayan wani baƙo ne, na tsallake shi. Na koma bakin ƙofarta na zauna ina jira. Ina jin motsinta a ciki, ita ma tana jin tarina. Rana ta ɗaga, na san motarmu ta bar tashar Gwarzo.

Da la'asar Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta shigo ta gan ni a kan tabarma.

"Kai! Me kake yi a nan? Ba ka tafi ba?"

"Inna ba ta ce in tafi ba, Gwaggo."

"Yo da wane bakin za ta ce maka? Ƙullin zauren fa? Kwana biyu muna daka da suya, ita ta hana ni barci!"

Ta ɗauko ta kwance a gabana. Dambun nama ne, da dakuwa, da garin kunu, da man shanu a kwalba. Zakaran Inna da take ji da shi ma yana ciki, soyayye.

Tafiyar ba ta sake yiwuwa ba, man fetur ya ƙara tashi, kowa ya koma ta cikinsa. Guzurin kuwa a gida muka cinye shi da ƙannena. Muna cikin ci Inna ta zo wucewa da ƙwarya, ta tsaya ta juya mana baya, ta ce wa katanga, "A ce wa wancan, gishirin bai ji ba, ya yi haƙuri."