Zanen da na samo a fiffiken mazari

Shekarun baya akwai wani lokaci da hannuna ya daina zane. Sana'ar gidanmu ke nan a cikin birnin Zariya, mu zana wa masu ɗinki fasalin hula da wuyan babbar riga, su kuma su bi da zare. Bayan wata sallah da na yi aiki kamar zan mutu, sai na wayi gari in na ɗauki alƙalami ba abin da ke fitowa sai zanen bara. Ga ciwon kai, ga rashin barci. Wani Alhaji da ya daɗe yana kawo mini aiki ya dubi sabon zanen da na yi masa, ya ce ai irin wannan yana da uku a gida, ya naɗe yadinsa ya tafi. Har na fara tambayar yadda ake samun keke-napep a tuƙa.

Abokina ne ya hana ni. Yana da lambu a bakin kogin Galma, da ɗan ɗaki mai rufin kwano inda yake ajiye amfanin gona. Ya miƙo mini makulli, ya ce in je in zauna har sai na gaji da zama. Mahaifiyata ta ɗaure mini garin kwaki da ƙuli-ƙuli kamar mai tafiya Makka a ƙasa.

Farkon zuwana ban ji daɗi ba. Waya ba ta kamawa, ba abokin hira. Ni ɗan birni, guza ya fito daga cikin rake na zubar da buta na ruga. Rashin abin yi ne ya sa na fara ɗaukar hoto da wayata. Hotunan farko duk bayan zabi ne suna gudu. A hankali na gane sai na zauna shiru abubuwa ke matsowa kusa. Sai na koma zama a bakin ruwa bayan sallar asuba. Na ɗauki tsagewar laka, na ɗauki bayan ganyen gwanda, barci kuma ya dawo mini ban ma lura ba.

Wata safiya ƙwaron nan mazari ya sauka a kan kara dab da gwiwata. Na riƙe numfashi na ɗauke shi hoto. Da na buɗa hoton na matso da fiffiken, sai na ga ashe raga ce, gida-gida, manya daga tushe suna ƙanƙancewa zuwa baki, ba biyu da suka yi daidai. A nan ƙasa na fara zana shi da tsinke.

Da na dawo gida na fitar da shi a takarda. Fargabata ɗaya, mahaifina. Shi ya koya mini aikin, kuma bai yarda da zanen da bai gada ba. Ya juya takardar, ya ce daga wane gida na kwaso wannan. Na nuna masa hoton. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ashe haka fiffikensa yake," in ji shi. "Tun ina yaro nake ganinsa a bakin rijiya, ban taɓa dubawa ba."

Ya ce kar in ba kowa sai an fara ɗinka masa. Da hular ya je masallacin Juma'a, ina bayansa ina jin yana gaya wa abokansa ɗansa ne ya zana. Ban san lokacin da na fara tafiya ina buɗe kafaɗa ba.

Abin da na koya shi ne gajiya ba ƙarewar basira ba ce. Idona ne ya daɗe bai ga komai ba sai yadi da bango. Har yanzu duk shekara nakan rufe shago in koma lambun nan, ko da ba zan dawo da komai ba.

Zanen kuwa ya fita hannuna tuntuni, kowa na yi. Kwanaki a unguwar Kongo, nan Zariya, wani mai talla ya tare ni da hula mai wannan fasali, yana rantsuwa cewa tsohon zane ne, tun na kakanni. Ban musa masa ba. Na saya, na ɗora a kaina, na wuce.