Kayan Ɗura Harsashi Sun Kawo 'Yan Sanda Ƙofata

A farkon zamana a ƙasar waje, a birnin Greensboro, ni ƙaramin magidanci ne, da mata da jaririya, ina aiki a kamfanin kujeru, muna haya a wani bene kan titin High Point Road. Ɗan maharbi ne ni, don haka da wani Bature abokin aikina mazaunin garin McLeansville da ke kusa ya fara jana farautar barewa, sai na ji kamar na koma gida. Na cika duk sharuɗan doka, na sayi bindiga. Baturen ne ya koya mini ɗura harsashi da hannu, wato cika kwanson da albarushi da kaina. Ya ce mai koyo ba ya buƙatar tarkace, ya samu injin matse harsashi, sikeli mai kyau, kwanson harsashi, albarushi da gilashin kare ido, sai littafin awo. Ya ja kunnena kada in kuskura in auna albarushi da ido.

Wannan kam na kiyaye. Amma a lokacin ana ɗari-ɗari da Musulmi, sai tsoro ya sa nake shigo da kayan a ɓoye, ina sakin labule idan zan yi aiki. Ashe wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu ba, tana lura da ni. Wata Asabar da hantsi sai ga 'yan sanda. Matata ta rungume yarinyar, ni kuwa na riga na hango kaina a jirgin komawa gida. Suka duba takarduna da kayan. Ɗayansu, wanda shi ma maharbi ne, ya ce ban karya doka ba, sai dai albarushi a gidan haya mai jaririya ba dabara ba ce. Bayan sun tafi, mai gidan ya ce mu tashi.

A ranar na kwashe komai zuwa rumfar abokina, aka sa kwaɗo. Ni fushi nake da tsohuwar, don ita ta kira 'yan sandan, amma matata ta dafa shinkafa da miya ta kai mata. Tsohuwar ta fashe da kuka, ta ce da bindiga aka kashe ɗanta, tun da ta gane abin da nake shigowa da shi ba ta iya barci. Da ƙafarta ta je ta roƙi mai gidan ya bar mu. Daga baya ita ke riƙe mana yarinyar idan mun tafi aiki, har yau yarinyar Kaka take kiranta.

Ina jan hankalin 'yan uwa masu sha'awar wannan abu: ku nemi wanda ya iya ya koya muku, ku san doka, ku nisanta albarushi daga inda yara ke kwana. Sannan ku gaida maƙwabtanku. Ni da ita bango ɗaya ya raba mu, kowa na kwana da tsoron ɗan uwansa, alhali sallama kawai ta ishe mu.