Ranar da Rifkatu Ta Shiga Kududdufi

Wata Asabar ce cikin Agusta, shekarar da na shiga aji uku. An kwana uku ana yayyafi, gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsun bayan Rayfield. Baba ya tsaya a bakin shingen ƙerana ya ce ƙanwata Rifkatu ta bi mu wankin dankali a kududdufin da masu haƙar kuza suka bari. Mama ta ɗago daga turmin acca ta ce, "Baban Bitrus, yarinyar nan tun jiya take ɗingishi." Ya ce, "Ɓoyon da kike mata ne ya sa ta laushi. A Jos aka haife ta, dole ta saba da sanyi."

Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. An riga an binne masa 'ya'ya biyu kafin ita, duka da damina, duka suna kukan ciwon ƙashi, sai ya yanke a ransa cewa lallaɓawa ce ta kashe su. Rifkatu kuwa tana da irin idanunsu masu ruwan ɗorawa. Ba ta langa da mu a filin makaranta, sai dai ta zauna a rana tana gadin jakunkunanmu, tana yi wa wanda aka kayar dariya.

Ran nan murna take yi an sa ta cikin manya. Ta shiga ruwan har gwiwa, tana cuɗa dankali a kwando, haƙoranta na kaɗawa. Ni ma na zuga ta, na ce yau ta zama mutum. Kafin mu kai gida ta daina magana. Da la'asar ta fara ihu, ta ce ana sara mata ƙafafu da gatari. Mama ta yi ta gasa mata jiki da tsumma da ruwan zafi. Bayan kwana biyu ciwon ya hau ƙirji, Baba ya goya ta ya nufi asibitin mishan da ƙafa. Ya dawo da ita a goye, an lulluɓe ta har kai.

Daga baya aiki ya kai ni Akara da Khartum da Landan, ko'ina na tarar da ciwon da sunansa a bakin mutanen wurin. A can na ji cewa sikila gado ce, sai uwa da uba sun haɗu sun ba da ita, sanyi tayar da ita kawai yake yi. Yanzu a cocinmu na Daɗin Kowa ba a ɗaura aure sai an ga takardar gwajin jini, matasa suna ta gunaguni.

Baba ya rasu yana cewa da bakinsa ya kashe ta. Har yau ban sani ba ko zai fi samun sauƙi da an gaya masa cewa da jininsa ne.