Labbo da Ragowar Ruwan Citta

Bana shekara arba'in ke nan da muka kai yayana Labbo makwancinsa, Allah Ya jiƙansa da rahama. Na daɗe ina son yin maganarsa a jarida ina fasawa, don ni mutum ne mai wuyar yarda, kuma na san cikin masu karatu akwai waɗanda za su ce ai su ma masoyansa ne. To, ina nan da raina, ban kuma manta fuskar kowa ba.

Labbo kuku ne a gidan wani Bature a bariki, tun Nasara suna baƙi a Sakkwato. A unguwarmu ta wajen Ƙofar Rini wannan aiki abin kunya ne. Mahaifinmu malami, sai ga ɗansa na fari yana hura wuta ga mutanen da suka ci garinmu da yaƙi. Ana gaisawa da shi a masallaci, amma in ya miƙa goro sai a karɓa a sa aljihu, in ya ba da baya a jefar. Na sha gani da idona.

Ana haka sai muguwar murar nan ta shigo gari, wadda tsofaffi ke kira marisuwa. Mutum ya tashi da zazzaɓi da tari, ƙirji kamar an aza masa dutsen niƙa, kafin a ce me ye wannan an fita da shi. Su kansu Turawan kwance suke, ba su da wata dabara. Sai Yaya ya tuna abin da innarmu kan dafa mana in sanyi ya kama mu: a daka citta da kanumfari da ɗan masoro, a tafasa, a matsa lemun tsami, a zuba zuma. Bai taɓa cewa tana warkar da cutar ba. Abin da yake faɗa shi ne tana ɗumama jiki, ta sassauta maƙogwaro, ta kwantar da tashin zuciya har mara lafiya ya iya haɗiyar kunu. Wanda kunu ya shiga cikinsa kuwa ya sami ƙarfin jiran sauƙi daga Allah. Kullum in ya taso daga aiki da la'asar sai ya cika tulu ya bi zaure zaure, ni ina biye da shi riƙe da ƙoƙo.

Da farko an karɓa, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Daga baya zuma ta yanke a kasuwa, mutanen ƙauye sun daina shigowa. Baturen ya ba shi sukari. Ku yaran yanzu za ku yi dariya, amma talakan lokacin bai san sukari ba sai a labari, zuma da rake ya sani. Aka hangi Labbo yana zuba wani farin abu daga bariki cikin tulu, magana ta fara yawo ƙasa-ƙasa.

Maƙwabciyarmu Inna Kulu, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, tana da ɗa guda tilo, majemi, ana ce masa Dikko. Ya sha ruwan cittar, washegari ya cika. Da ma jikinsa ya riga ya yi nisa, kowa ya sani. Amma ta fito ƙofar gida ba ko mayafi tana kururuwa: "Ni nag gani da idona shina zuba hwarin gari! Nasara sunka aiko shi shi ƙare mu!"

Ran nan na ce masa, "Yaya, don Allah ka aje tulun ga. Mutanen ga ba su ƙaunarka."

Ya ce, "Altine, in na aje yau, sai su ce gaskiyassu ta. Ɗiyana su tashi ana nuna su da baki."

Abin da yake tsoro ke nan, sunan da zai bar wa 'ya'yansa. Don haka ya koma ga al'adar da muka gada, wato mai ba da magani shi ke fara kurɓa. Kowane zaure sai ya sha a gaban mai gida kafin a shiga da ƙoƙon. Wai ashe hakan ma bai isa ba. Wani mai wayon banza ya ce ai guba ƙasa take kwantawa, na sama ne yake sha ya bar wa mutane na ƙasa. Daga ranar, in mara lafiya ya sha sai a fito da ragowar a miƙa wa Labbo, ya shanye a kan idon jama'a, ya kife ƙoƙon. Ragowar mai tari, gida bayan gida! Sai da na tsufa wani malamin asibiti ya bayyana mini yadda irin wannan cuta ke bi ta baki da numfashi. Na koma gida ran nan na kasa cin tuwo.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai leƙo Sakkwato ta yau. Mai shayi a kowace kusurwa, daga cikin gari har Runjin Sambo, yana zuba sukari cokali bayan cokali, ana ce masa ƙara. 'Ya'yan waɗanda suka jefar da goronsa su ne ke sintiri a bariki suna neman ko masinja a ɗauke su. Ga kuma masu tallar kwalabe ranar kasuwa, suna rantsuwa cewa cittarsu na maganin ciwon baya da ciwon ido har da rashin haihuwa, mutane na rububi, ba wanda ya ce musu su kurɓa. Wanda ya faɗi gaskiyar iyakar amfaninta aka tuhuma, maƙaryata ake wa tafi. Na san shi, murmushi zai yi ya ce ai sauƙi ne ya samu. Ni kam haushi nake ji.

Da ciwon ya kama Labbo, unguwa ta yi tsit. Ba wanda ya ce an zalunce shi, an dai daina maganar farin gari. Yana kwance a ɗakinsa, numfashi da ƙyar, sai ga sallama da hantsi. Inna Kulu ce, ɗauke da ƙoƙo rufe da faifai, tururin citta na tashi. Ta durƙusa bakin ƙofa ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Ga shi, na dahwa mishi. Na samo 'yar zuma."

Matar da ta rantse shi ya kashe mata ɗa! Na tare ƙofar na ce, "Inna, ki kurɓa tukuna. In ya sha kuma ki shanye ragowar."

Ta miƙa hannu za ta ɗauka. Sai na ji muryarsa daga kan gado, a shaƙe: "Altine, miƙo man. Kada ta sha ko ɗigo." Ya karɓa da hannu biyu ya shanye tas, ya ce mata Allah Ya yi albarka. Ta fita tana kuka. Bai daɗe bayan nan ba ya rasu.

Malamai sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, na kuma yarda da su. Na san cutar ce ta ɗauke shi kamar yadda ta ɗauki ɗaruruwa. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, har Inna Kulu ta koma ga Allah ban ƙara cin abin hannunta ba, kuma har gobe in na tuna ƙoƙon nan sai zuciyata ta ce, anya?

To me ya rage na Labbo? Sunansa ya wanku, 'ya'yansa sun yi aure a unguwar, ba wanda ya nuna su da baki. Haɗin cittarsa yana nan, jikokinsa na dafa wa nasu 'ya'yan in mura ta kama su. Waɗannan duk mun gada. Abu guda ne ya tafi da shi kabari. Gari guda ya ƙi yarda da shi, shi kuwa ya yarda da wadda ta fi kowa dalilin cutar da shi. Ni ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara arba'in ina ƙoƙari, na kasa.