Sallama a Bakin Gonar Gero

Shekarun baya, lokacin da aka fara shari'a a jiharmu, ikkilisiyarmu ta zaɓe ni in tafi aikin bishara can cikin Nijar, shekara biyu ba dawowa. Mu Kiristoci ba mu da yawa a Daura, abokaina na ƙuruciya kusan duk Musulmi ne. Sai na ware mako guda ina bin su ina sallama. Wasu suka karɓe ni kamar da, wasu kuma muka gaisa a tsaye a ƙofar gida suna waige-waige. Ban ga laifinsu ba, lokacin kowa yana taka-tsantsan.

Babban abokina na bari a ƙarshe. Tare muka yi firamare, daga baya ya koma ƙauyensu wajen Mai'adua yana noma da kiwon tumaki. Ana gobe zan tafi, na ari babur bayan azahar na kama hanya.

Ban kai ga shiga ƙauyen ba na hango shi tsaye a bakin gonarsa, cikin farar riga. Da na kashe babur sai na ji wurin ya yi tsit. Gero ya nuna, ya kamata tsuntsaye su cika gonar, amma ko ɗaya babu.

Na ce, "Mutumina, ashe kana nan. Gida na nufa."

Ya ce, "Kada ka shiga gari yau. Akwai jama'a."

Na miƙa masa hannu, bai karɓa ba, sai ya dafa ƙirjinsa. Na ce masa gobe zan tafi, ya ce ya sani. Na tambaye shi wa ya gaya masa, ya yi murmushi kawai.

Can ya ce, "Ka yafe mini."

"Me ka yi mini?"

"Kai dai ka yafe."

Na ce na yafe, amma a baki ne kawai. A raina na riga na yanke hukunci: kunyar a gan shi da ni yake ji. Na tayar da babur ko waiwaye ban yi ba. Ni da zan je in koya wa mutane gafara, da fushi na ƙetare iyaka, har wasiƙar da na yi niyyar aiko masa na fasa.

Bayan wata huɗu, a wata kasuwar dabbobi can Nijar, na haɗu da wani dattijo mai fataucin shanu daga ƙauyen nasu. Muka gaisa, sai ya ce, "Ya haƙuri, malam?"

Na ce, "Haƙurin me, Baba?"

Ya dube ni. Ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da abokina kwana uku, ya rasu da safe, aka yi jana'iza bayan azahar. "Ai mun gan ka ranar. Muna dawowa daga maƙabarta muka hango ka a bakin gonarsa, kai da babur, kana magana kai kaɗai. Muka ɗauka labari ka ji ka kasa shigowa."

Zama na yi a kan turken da ake ɗaure shanu. Ga rana tana dukana, ga sanyi yana ratsa ni.

Na gaya wa fastonmu. Ya ce akwai abin da ba a ba mu sani ba, mu yi addu'a. Muka yi.

Da na dawo gida na je wa mahaifiyarsa ta'aziyya. Ban faɗa mata komai ba. Ita ce, tana tsince wake a faifai, ta ce, "Ya yi ta kiran sunanka, ɗana. Yana ta cewa a buɗe masa ƙofa, baƙo yana hanya."

Har yau ban san me na gani ba, na kuma daina neman wanda zai bayyana mini. Tsoron ya wuce tuntuni. Abin da bai wuce ba shi ne wata huɗun nan da na yi ina jin haushin mutumin da yake kwance a kabari. Yanzu idan wani ya ce in yafe masa, nakan tsaya in yafe da gaske kafin in juya baya.