Man Shanu da Zuma

Ina cikin alwala a famfon bayan kamfani, lokacin hutun azahar, sai wayata ta yi ƙara. Mai ɗakina ce, Allah ya jiƙanta. Ba ta saba kirana a wurin aiki ba sai in 'yarmu ta faɗi, don haka na yi saurin ɗauka. Sai na ji tana dariya. Ta ce, "Malam, an karɓe ta. Gobe za ta koma Islamiyya."

Ban san sadda na sake alwalar daga farko ba.

'Yar tamu tana da farfaɗiya tun tana ƙarama. An sauya magani an sake sauyawa, faɗuwar ba ta tsaya ba, har malamanta suka ce a riƙe ta a gida domin yara na tsorata. Daga baya likita ya ɗora ta a kan wani tsarin abinci: mai da yawa, ƙwai da nama kaɗan a kan awo, ganye, ba tuwo, ba shinkafa, ba fura, ba wani abin zaƙi. Ya ce jiki in ya rasa hatsi yakan koma ƙona mai, wannan kuma yana kwantar da ciwon ga wasu yara. Mun shiga da shakka. Ashe tamu tana cikinsu. Kwanaki suka yi ta wucewa ba ta faɗi ba, idonta ya washe, ta fara tsokanar kajin maƙwabta.

Ni kuwa a kamfanin biskit nake aiki a Bompai. Ran Juma'a akan raba mana gutsattsarin da ya karye, kowa ya kai wa yara. Na daina karɓa. In na sauka daga adaidaita sahu a Hotoro ma sai na sauya riga a zaure, saboda ƙamshin sukari da ke bina. Da abokan aiki suka ji dalili, da farko tsiya suka yi ta yi mini, wai 'yata ta fi manaja cin daɗi, man shanu safe da yamma. Amma ranar da na shiga masallacin kamfani da labarin Islamiyya, sai da limaminmu ya yi addu'a ta musamman. Daga nan duk wanda ya je gida ƙauye, na Jigawa ne ko na Nijar, sai ya dawo mini da kwalbar man shanu. Wani dattijo mai kula da injin gashi har cewa ya yi in gaya wa yarinyar yana nan yana jiranta, shi ne angon.

Yarinyar ta je makaranta da sabon hijabi. Uwarta ta bi ta a baya daga nesa, ta laɓe a gindin darbejiya har aka tashi. Kullum da yamma sai ta biya mana karatu da ƙarfi, gida ya cika.

Abincin bai bar mu haka ba. Cikinta ya fara ƙullewa, ta yi kwanaki ba ta zaga ba, ta riƙa amai in ta ga mai. Mahaifiyata tana zaune tare da mu. Wata rana mai ɗakina ta je kasuwa, Inna ta ga jikarta na murƙususu, ta dama zuma a ruwan ɗumi ta ba ta, kamar yadda ta yi mana muna yara. Kafin la'asar yarinya ta faɗi a tsakar gida.

Da na dawo, Inna ta ce mini, "Sukari kuka ce an hana. Zuma ai magani ce." Na durƙusa na ce gaskiyarku ce Inna, mu ne ba mu yi bayani ba. Likita ya ba da maganin ciki, ya ce a yawaita mata ruwa. Bayan 'yan kwanaki farfaɗiyar ta sake kwanciya, ta koma makaranta, murna ta dawo sabuwa. Inna da kanta ta zama mai gadin ƙofa, ba wanda ya isa ya miƙa wa yarinyar ko dabino.

Mai ɗakina ta rasu bara, wajen haihuwa. Yanzu ni nake awon abincin kafin in fita, Inna ta dafa.

Kwanakin baya yarinyar ta fara kukan ciwon kwiɓi, fitsarinta ya yi ja. Aka yi hoto, aka ga ƙaramar tsakuwa a ƙoda. Likita ya ce abincin ne ya jawo. Za a iya ci gaba tare da ƙarin magani da sa ido, ko a janye a hankali, amma bai yi alkawarin faɗuwar ba za ta dawo ba. In ta dawo, makaranta ta tafi. Ya ce in je gida mu yi shawara.

Da uwarta muke yin irin wannan shawarar. Likita yana jiran amsata, har yau ban kai masa ba.