Wa Ke Ɗebo Ruwa da Safe?

Akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a aikin nan, ranar da wata uwa ta ƙi faɗin sunan 'yarta. Ku da kuka fara aiki kwanan nan kuna yawan tambayata dalilin da ya sa muke tambayar iyaye zancen ɗebo ruwa. To, ga inda abin ya samo asali.

Lokacin ofishinmu ɗaki biyu ne a Silver Spring, a saman wani shagon kayan abincin Afirka, kullum muna aiki cikin ƙamshin busasshen kifi. Aikin kuwa kun san shi. Masu bi daga coci-cocin nan, har Manassas da Woodbridge, kowa ya ɗauki nauyin karatun yarinya ɗaya a ƙauyukan gida. Shugabarmu Madam Linda ce, Ba'amurkiya, tsohuwar malamar makaranta. Ni ce mai fassara, ni ce kuma mai hira da iyaye, tunda ni kaɗai ke jin Hausa.

Muna da ƙa'ida. Idan yarinya ta gama firamare za ta tafi sakandare ta kwana, sai mun yi hira da iyayenta ta bidiyo, mun tabbatar gida na goyon bayan tafiyar. An sha ba yarinya gurbi, zango ɗaya a janye ta, gurbin ya tashi a banza alhali wasu na jira. Saboda haka idan kwamiti ya ga gida ba ya so, sai a ba ta gaba a layi.

A watan Agusta ne aka zo kan Saratu, daga wani ƙauyen Hausawa Kirista a kudancin Katsina. Ita ce ta ɗaya a ajinsu. Babanta ya rasu, don haka uwar za mu gani. Matar faston ƙauyen ta riƙe waya, nan safiya, can rana ta yi.

Na ce, "Sannu Maman Saratu, ina wuni?"

Matar ta sunkuyar da kai kamar na zage ta. Da ƙyar ta amsa gaisuwar.

Madam Linda ta ce in tambaye ta sunan 'yarta da shekarunta, haka ake farawa. Na tambaya. Ta kalli gefe ta ce, "Waccan? Ai kun san ta."

"Kina alfahari da ƙoƙarinta a makaranta?"

"Wane ƙoƙari gare ta? Ku dai kuka ce tana yi."

"To Mama, kina so ta tafi makarantar kwana?"

"Ni ina ruwana? Ku tambayi masu ita."

Duk wannan, yarinyar na tsaye a bayanta tana wasa da bakin rigarta. Ko sau ɗaya uwar ba ta waiwaya ba. Na fassara kamar yadda na ji, don aikina ke nan. Madam Linda ta cire tabarau ta ce, "Rahila, wannan ai a fili yake. Ranar Juma'a kwamiti zai zauna, ban ga yadda zan kare gurbin nan ba."

Gaskiya na ji haushin matar. Ni a Jos na tashi, uwata ko kwano na wanke da kyau sai unguwa ta ji labari. Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Lokacin da uwar ke cewa wane ƙoƙari gare ta, na ga Saratu tana murmushi. Yarinyar da ake wulaƙantawa a gaban baƙi ba ta irin wannan murmushin. Ga kayan makarantarta fes, an goge, kitsonta sabo. To wa ya yi mata? Tun daga ofis har na sauka daga bas ina ta juya abin, kuma kun san ni, idan abu ya ɗaure mini kai ba na iya cin abinci.

A benen da nake zaune akwai Hajiya Binta, Bakanuwa, ma'aikaciyar jinya, ta girme ni sosai. Na same ta tana shirin fita aikin yamma, na ba ta labari ba tare da na kama suna ba. Ban kai ƙarshe ba ta katse ni.

"Tsaya. Yarinyar ita ce ta fari?"

Na ce ita ce.

Hajiya ta yi dariya har ta zauna a hannun kujera. "Ke Rahila, Hausar taku ta Jos a baki kawai ta tsaya. 'Yar fari ce fa. Kunyarta take ji. Ba za ta kama sunanta ba, ba za ta yabe ta ba, ko kallonta a gaban mutane ba za ta yi ba. Ni ɗin nan da kike gani, har uwata ta bar duniya ban ji sunana a bakinta ba. Kuma ke kika tashi kika ce mata Maman wance, a gaban matar fasto. Ai kin gama da ita tun a gaisuwa."

Na ce, "To Hajiya, ta yaya ake gane tana so?"

"Ba a bakinta za ki ji ba. Ai ta gaya miki, ki tambayi masu ita. Nemi kakar. Ita kuma uwar, ki tambaye ta aikin gida."

Washegari na kai wa Madam Linda zancen. Na zaci za ta yi musu, sai na ga ta jawo kujera. Ta dinga jero tambaya, ita yarinyar ba ta jin zafi, har yaushe ake yi, ɗa namiji ma haka ne? Rabi na amsa, rabi na ce sai na koma wajen Hajiya. A ƙarshe ta ce al'ada daban, hujja daban, kwamiti sai ya ga abin da zai riƙe. Ta yarda a sake kira ranar Alhamis.

Wannan karon na ce, "Sannu Mama, ya aiki?" Ban kama sunan kowa ba. Sai ga fuska ta saki.

"Mama, wa ke ɗebo ruwa da safe a gidan?"

"Ni."

"Da can fa?"

"Da waccan ce. Tun da aka sa ta makaranta na karɓa. Rijiyar da nisa, sai ta makara."

"Awaki fa, da surfe?"

"Ni da ƙannenta. Ai an ce karatun yana son lokaci."

Aka juya wayar wajen kakar, wata tsohuwa mai baki kamar rediyo. Ita kam sunan Saratu ta dinga kira tana ƙarawa da kirari. Ta ce wa matar fasto, "Biyo ni ki nuna musu." Aka shiga ɗakinta, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai zanin gado, sabulu, takalmin roba, kofi da cokali, da garin kunu a ƙulle. Ta ce, "Tun bara uwarta ke tarawa, ɗaya bayan ɗaya. A ɗakina take ɓoyewa, kar a ce tana rawar kai a kan 'yar fari."

Matar fasto ta juya wayar don mu ga uwar. Sai bayanta muka gani, ta ja mayafi ta rufe fuska ta fice daga gidan. Madam Linda ta ce in daina fassara, ta gane.

Kwamiti ya bar wa Saratu gurbinta. Bayan an koma makaranta na kira matar fasto, don har lokacin ina son in san abu ɗaya, ko uwar ta raka ta mota. Ta ce ina, kaka da ƙanne ne suka raka ta, ita uwar tun da sassafe ta ɗauki fartanya ta ce gona za ta. Sai dai gonar da ta je ba tata ba ce, ta wata maƙwabciya ce da ke bakin hanyar da motar ke bi. Tana nan tsaye har motar ta wuce.

Tun daga nan muka sauya tambayoyin hirar. Abin da na koya shi ne, mu a ƙasar nan mun saba a faɗa wa yarinya darajarta da baki, har muka ɗauka inda ba a faɗa ba, babu. Kuma mu da muke zaune nesa, amsa ɗaya da muka yi wa gurguwar fahimta ta isa ta raba yarinya da makaranta. Don haka idan kun kira gida, uwa ta kawar da kai ta ce ina ruwanta, kada ku yi saurin yanke hukunci. Ku fara tambaya ko 'yar fari ce, sannan ku tambayi wanda ke ɗebo ruwa da safe.